Ɗan Farin da Takarda Ba Ta Ɗauka Ba

Shekarar da aka gano autana yana da sikila, aka ce likitar cututtukan da ake gada za ta gan mu ta waya a Tambuwal, kowa minti goma, wai don layi ya yi sauri. Tun daga Fakku na taso a bayan babur saboda minti goman nan.

Kafin a kira ta, wani ma'aikaci ya cike mini takarda a gaban surukata da ta rako ni. Ya ce in faɗi sunayen 'ya'yana. Na faɗi uku cikin huɗu. Wace mace ce a wajenmu za ta ambaci ɗan fari, uwar mijinta na zaune? Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya sani sarai, amma sauri yake yi.

Likitar ta duba takardar, ta ce a gwada jinin ukun. Na buɗe baki zan gyara, ma'aikacin ya ce lokacina ya cika.

Babban nawa ya yi aure ba gwaji. Yau 'yarsa nake goyawa zuwa ƙarin jini, ina wuce layin nasu mai sauri.