Leander Bero, Mai Sandunan Ƙungiyar Zalɓe

Tun raɓa ba ta bushe ba za ka ji tsohuwar a-kori-kurarsa tana tari a hanyar bakin kogi. Leander Bero ke nan, zai buɗe filin lakros, wasan ƙwallon da muke bugawa da sanda mai raga a baki. Yakan sauko a hankali, ƙafar hagu ta fara taka ƙasa, sannan ya jawo ta daman da ba ta lanƙwasuwa. Sai ya zaga katangar katakon da ta kewaye filin yana bubbuga ta da tafin hannu, inda sautin bai yi masa ba ya tsaya ya ciro guduma. Daga nan ya bi ƙasa da manjagara, ya tsince duwatsu, ya duba ragar gola, ya cika jarkokin ruwa. Kafin rana ta yi zafi ya koma rumfarsa ta bayan gida, inda sandunan 'yan wasa ke rataye jere kamar kifin da aka shanya. Haka yake yi duk lokacin wasa tun ba a haifi yawancin masu buga wa Ƙungiyar Zalɓe a yau ba. Bana ya ce hannunsa ya fara rawa, zai ajiye. Shi ya sa na ga gara mu faɗi abin da ya yi mana tun yana ji da kunnensa.

Iyayenmu ne suka kafa ƙungiyar nan, mazan ƙabilarmu ta Mohawk da ke tafiya birane suna ɗaura ƙarafan dogayen gine-gine, su dawo gida ƙarshen mako da gajiya da kewar wasa. Da ragowar katako suka kewaye filin. Ranar da suka zo buga wasan farko suka tarar da wani zalɓe tsaye a kududdufin tsakiyar fili, ya ƙi tashi har sai da aka kore shi da hula. Sunan ke nan ya bi mu. Ba a taɓa biyan kowa don ya buga ba. Mutum zai sauko daga aiki, ya ɗauki sandarsa mai raga a baki, ya shiga ya sha duka, ya koma gida yana murna.

Mahaifin Leander na cikin waɗanda suka kafa ta, Leander kuma ya taso da gudun da tsofaffi har yau suke labari. In ya ɗauki ƙwallo a ragar sandarsa, sai dai a bi shi da ido. Amma ya bi sahun maza zuwa aikin ƙarfe, kuma bai daɗe da aure ba ya faɗo daga gini. Aka kawo shi gida a kwance. Ya yi watanni ba ya son ganin kowa, in ya ji ihun 'yan kallo daga fili sai ya ce wa matarsa Cecilia ta rufe taga.

Ita ce ta matsa masa har ya fito wata yamma da sandar dogarawa, ya zauna can nesa da mutane. Mose Lazore, golan ƙungiyar, ƙaton mutum mai bakin tsiya, ya hango shi ya nufo shi.

"Leander, kallo ka zo ko aiki?"

"Da wace ƙafar zan yi aiki?"

"Wa ya ce da ƙafa ake ɗinkin raga? Ga tawa ta tsinke. Gobe nake so, kuma kada ka yi min irin ɗinkin kakata."

Ya jefa masa sandar a cinya ya yi gaba. Leander ya zage shi, amma ya tafi da ita gida. Daga ɗinkin raga ya koma wurin wani kawunsa ya koyi yin sandar gaba ɗaya: yadda ake zaɓen itacen hikori a tsakiyar sanyi, a bar masa taba a gindi don godiya, a tsaga shi, a bar shi ya sha iska, a turara shi da tururi har ya yi laushi, a lanƙwasa, a sassaƙe, a saƙa raga da fata. Sanda ɗaya takan cinye kusan shekara. Tun daga lokacin, duk namijin da aka haifa a ƙauyen nan, Leander zai aika da 'yar ƙaramar sanda a sa masa a gadon jarirai, ba tare da an roƙe shi ba.

Shi ne kuma direbanmu. Waɗanda suka yi zamanin tsohuwar bas ɗin ƙungiya ba za su manta ba: maza cunkushe, ƙamshin miyar masarar Cecilia na tashi daga tukunyar da aka ɗaure a kujerar gaba, Mose na waƙa da muryar da ba ta da daɗi. Ma'aikatan kan iyakar da muke ƙetarewa zuwa wasa sun san shi har sun daina tambayarsa inda za shi, sai dai su tambaye shi wa ya ci.

Sai shekarar rabuwa ta zo. Wasu suka ce a gina gidan caca a ƙauye don matasa su sami aiki, wasu suka ce sai dai bayan ransu. Magana ta wuce baki. Maƙwabci ya daina gaida maƙwabci, aka fasa gilasan motoci, aka daina zuwa bikin juna. Rabuwar ta ratsa ƙungiya ta tsakiya. Tagwayen gidan Arquette, Roy da Dennis, waɗanda ke miƙa wa juna ƙwallo ko ba su kalli juna ba, kowa ya kama ɓangarensa, har mahaifiyarsu ta koma ba su abinci a lokaci dabam-dabam. Lokacin wasa ya zo ya wuce babu wanda ya shiga fili. Wani ya sake zagayowa, shiru. Dattawa suka fara cewa Zalɓe ta mutu. Leander dai bai fasa zuwa ba. Kowane ɓangare ya aiko masa ya faɗi inda ya tsaya, amsarsa ɗaya ce: shi mai gyaran sanda ne.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mose. Bakin nan da ba ya shiru ya karkace, magana sai da ƙyar. Leander ya je duba shi, ya zauna a bakin gado. Mose ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya fitar da abin da yake so: a buga masa wasan magani, irin wanda kakanninmu ke bugawa don mara lafiya, a gaban Mahalicci, da sandunan itace.

"Mose, mutanen nan ko a maƙabarta ba sa tsayawa wuri ɗaya."

Mose ya kama hannunsa da hannun da ke motsi, ya ƙi saki har sai da ya ce to.

Gida-gida ya bi da gurguwar ƙafarsa. Bai ɗauki mota ba, wai don kowa ya gan shi yana tafe ya ji kunya. A wani gidan aka ba shi kujera, a wani aka bar shi tsaye a ƙofa. Da ya isa wurin Roy, Roy ya ce, "Kawu, in Dennis zai zo, ni ba na zuwa."

"Ban zo sasanta ku ba. Ku ci gaba da gabarku har ku tsufa, ba ruwana. Mose ne ya tsaya a bayanku yana tare ƙwallo da haƙarƙarinsa tun kuna zubar da majina. Yau ya roƙi wasa ɗaya. In ba za ka zo ba, tashi mu je ka gaya masa da bakinka."

Roy bai tashi ba.

Ranar wasan mutane suka zo, amma kowane ɓangare ya tsaya gefensa. Aka kawo Mose a kujera, an lulluɓe shi da bargo. Wani dattijo ya ƙona taba ya yi addu'a. Kowa ya san in aka bar su suka buga ɓangare da ɓangare, jini za a zubar, ba magani ba. Sai Leander ya ce kowa ya kawo sandarsa tsakiyar fili. Aka tara su tuli guda. Ya durƙusa da ƙyar, ya rufe ido, ya riƙa ɗauka yana jefa ɗaya dama, ɗaya hagu. Da kowa ya je neman tasa, sai ga abokan gaba sun faɗo tare, sandar Roy kuma kwance kan ta Dennis.

Dennis ya ce, "Kawu, ka yi maguɗi."

"Idona a rufe yake, kowa shaida ne."

"Ido a rufe, hannu fa? Kai ka sassaƙa su."

Wani daga baya ya yi dariya, ya yi sauri ya haɗiye ta. Aka jefa ƙwallo. Da farko wasan ya yi sanyi, kowa na riƙe ƙwallo shi kaɗai har a ƙwace. Can Roy ya sami kansa a lungu, mutum biyu sun danne shi da katanga, sai hannunsa ya yi abin da ya saba tun yarinta: ya wurga ta bayan kafaɗa ba tare da ya duba ba. Dennis na nan inda ya kamata ya kasance. Ƙwallo ta shiga raga. Daga kujera aka ji wani irin gurnani, Mose ne ke ƙoƙarin zagin golan da aka ci. Waɗanda ke kusa da shi sun ce hawaye na zuba ta ido ɗaya, ɗayan na dariya.

Da aka tashi aka ba Mose ƙwallon, kamar yadda al'ada ta ce. Cecilia ta buɗe tukwane, mutane suka ci miyar masara da soyayyen burodi a tsaye, ba mai kallon idon wani sosai. Ba a shirya a ranar ba, rigimar ta ɗauki lokaci kafin ta lafa. Amma da sanyi ya wuce, Leander ya iso fili wata safiya ya tarar da tagwayen suna canza ruɓaɓɓen katako, ba sa magana, ɗaya na riƙewa ɗaya na bugawa. Mose ya ƙara 'yan shekaru yana zuwa kallo a kujerarsa. Da ya rasu, Leander ne ya sake wa sandarsa raga aka sa masa a akwatin gawa, don ya isa can da shirinsa.

Kai ne, Leander, ka riƙe mana ƙofa a buɗe lokacin da duk muka juya mata baya. Kai ne ka rasa gudunka, ka wayi gari kana gyara wa wasu hanyar gudu, ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Da sandunan roba suka shigo, matasa suka ajiye na itace, mun ɗauka za ka yi fushi. Sai ka ce a kawo ka gani, ka koyi ɗinka musu raga, kana ɗinki kana yi musu tsiya wai da abin tace taliya suke wasa. Kofunan da ke jere a zauren ƙauye babu mai sunanka. A tsofaffin hotunan ƙungiya ma sai an duba can gefe ake ganin rabin kafaɗarka.

Makon jiya shugabannin ƙungiya suka same shi a rumfa da shawarar a sa wa filin sunansa. Ya ce su bari sai ya mutu, yanzu in aka ce an ci Zalɓe a filin Leander, shi za a riƙa zagi. Jikarsa Kaylee, wadda ke koyar da 'yan mata wasan, ta kira shi yadda muke kiran kaka a yarenmu, ta ce, "To Tota, me kake so a yi maka?"

Ya daɗe yana juya wuƙar sassaƙa a hannu. Cecilia ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Ku ba shi kujera. Mutumin nan bai taɓa ganin wasa daga farko har ƙarshe ba. Kullum yana bayan katanga, kansa a sunkuye kan ragar wani. Sai mun dawo gida yake tambayata yadda aka ci."

A cikinmu babu wanda ya taɓa lura.

Mun gode, Leander Bero. Mun gode, Cecilia, da kika ƙi barin tagar nan a rufe. Mahalicci ya ƙara muku lafiya, ya bar ku tare. Ku kuma matasan Zalɓe, ba kowa ne zai ci ƙwallo ba, kuma ƙungiya ba ta rayuwa da masu ci kaɗai. Rumfarsa a buɗe take, yana nan da ransa, yana son mai tambaya. Ku je ku koya tun hannun na iya nunawa. Ranar Asabar muna da wasa a gida, an ajiye masa kujera a sahun gaba. Duk wanda ragarsa ta tsinke a ranar, ya nemi wani. Leander yana kallo.