Idirisa Mai Inji da Famfon Adon Maraɗi

Duk wanda ya taɓa noman rani a Jiratawa ya san Idirisa Mai Inji. Gajere ne kakkaura, da wani wando da laka ta riga ta mallake, har sabulu ya sallama mata shi. Shekara ashirin da 'yan kai yana gyaran injin ban ruwa. In injinka ya yi tari ya mutu da tsakar rana, albasa ta fara sunkuyar da kai, shi za ka tuna. Zai zo ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, ya ce, "Yashi ya sha," ko "Iska ta shige shi." Kuma wallahi haka ɗin za ka tarar. Ba shi da babbar gona, ba shi da shago a kasuwa. Jarinsa a duniya guda ne: an san bai taɓa sa hannu a inji ruwa ya ba shi kunya ba.

Karatunsa kuwa bai wuce layi ɗaya ba, kullum shi yake maimaita wa manoma: "Ku sakar wa ruwa hanya! Bakin tiyo in ya yi ƙunci, fage da ƙishirwa yake kwana."

To, akwai wani lambun shaƙatawa a Maraɗi inda amare ke zuwa ɗaukar hoto. A tsakiyarsa an gina kwarmin siminti zagayayye, da bututu mai watsa ruwa sama don ado. Shekara biyu ke nan abin ya mutu, ya koma matattarar leda da ƙadangaru. Masu gyara uku suka gwada suka kasa, sai Malam Hafizu mai kula da lambun ya aika a ɗauko masa mutumin Jiratawa.

Wa aka aika? Kaico! Hamidu ɗan kabu-kabu, mutumin Tsibiri, taubashin Idirisa. Hamidu dai Allah ya ba shi baki. In ya laƙaba maka suna, sai dai a kai ka kushewa da shi. Wani mai shayi ya taɓa zuba masa gishiri a madadin sukari, yau shekara goma har 'ya'yan mutumin 'ya'yan Gishiri ake ce musu. A bayan babur ɗin wannan mutum Idirisa ya zauna, iska na kaɗa shi, daɗi ya kwashe shi, ya saki baki.

"Ka ga icen bedin nan na bakin hanya? In na gama, ruwan sai ya wuce shi tsawo."

"Bawana, sake faɗi in ji," in ji Hamidu, har da rage gudu.

Ya sake faɗi. Kafin la'asar, daga tashar Tsibiri har bakin babbar kasuwa ba wanda bai ji ba.

Da suka isa lambun, injin famfon bai ba shi wuya ba. Ya kwance shi, ya zazzage yashi, ya sauya abin da ya ci, ya ji kukansa ya koma daidai. Sai idonsa ya kai kan bututun. Wani kan tagulla ne aka ɗaura masa, mai 'yan huji-huji kamar na allura. Idirisa ya riƙe baki. "Wane marowaci ya ƙera wanga? Ta nan ruwa zai bi? Ashe shi ya sa abin ya mutu!" Ya kwance kan, ya kai wa maƙeri, aka fafe hujin nan duka suka zama ƙato guda, wanda ƙwan zabo zai wuce ba gargada. Ya mayar ya ɗaure yana yaba wa kansa. Gwaji kuwa babu, don motar tanki sai ran Juma'a za ta zo cika kwarmin.

Ran Juma'a bayan la'asar lambu ya cika maƙil. Manoman Jiratawa suka yo mota guda, har da matarsa Zuliha mai sayar da kwaɗon zogale, ta ci ado da sabon zane. Ga wata amarya da ƙawayenta suna jira, kowa ya ɗaga salula. Idirisa ya sa farar riga, abin da rabon a gan shi da ita tun sunan 'yarsa Balkisu. Ya yi bisimilla, ya danna.

Inji ya ɗauka lafiya lau. Jama'a duk suka ɗaga kai sama. Shiru. Sai aka ji bul-bul-bul daga ƙasa. Ruwa dai ya zo, mai yawa ma, amma tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Yana ta tumbatsa a bakin bututu kamar tukunyar talge.

Hamidu ya faɗi ƙasa don dariya. Ya taso, ya je ya auna ruwan da tafin hannu, ya dubi wani bedi da ke cikin lambun, ya dubi Idirisa. "Bawana, wane bedin ka ce? Wanda aka shuka jiya?" Yana magana idonsa na juyawa, kowa ya san suna yake nema. Tsoro ya kama Idirisa, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya faɗa rijiya. Ga manoman da ke kiransa suna kallo. Ya kara kunne a inji, inji ya ce ni lafiyata ƙalau.

Sai ga Zuliha ta cire takalmi, ta tattare zane, ta tsunduma cikin kwarmin tsamo-tsamo. Ita da kullum safiya take ɗauraye manyan robobin zogale da tiyo, ba ta buƙatar dogon tunani.

"Malam, matsa," ta ce wa mijinta.

Ta kifa tafin hannu a bakin bututun, ta bar 'yan kafofi tsakanin yatsu. Fuuu! Ruwa ya tashi sama tsiri huɗu, guda ya kwashe hular Malam Hafizu, guda ya sami Hamidu cikin baki yana tsakar dariya. Amarya ta kurma ihu, ta runtuma, sannan ta dawo da gudu ta tsaya a yi mata hoto. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani tsoho ya manta da sandarsa yana tsalle. Idirisa kansa dariya yake, hawaye na zuba, farar riga ta manne masa a ciki.

"Malam, ka bar washe baki, hannuna ya gaji!" in ji Zuliha. "Ko nan zan tare?"

Nan take kansa ya buɗe. Ya kashe inji, ya tsinto gwangwanin tumatir, ya huhhuda shi da ƙusa, ya kifa a bakin bututun, ya ɗaure tam da roba da waya. Da ya sake dannawa, ruwa ya miƙe siriri, ya yi sama har yana taɓa ganyen bedin.

Jama'a suka yo kansa, "Mai Inji! Mai Inji!" Da ya yi shiru da shi ke nan, yabon ya zama nasa. Amma ya dubi Zuliha tana matse gefen zanenta, ba wanda ya ko kalle ta, sai ya ji kunya ta rufe shi. Ya ɗaga hannu.

"Ku dakata! Ni na ɓata shi da hannuna. Waccan ta gyara."

Hamidu ya tofar da sauran ruwan bakinsa, ya yi tsalle ya haye babur. "Na samu! Ita ce Injiniya. Kai kuwa, bawana, daga yau Mijin Injiniya!"

Sunan ya zauna daram, kamar yadda kowa ya sani zai zauna. Manoma dai ba su daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. Da safe za ka ji an buga ƙofa ana kira, "Mijin Injiniya na nan?" Zuliha na tsakar gida tana ɗauraye robobinta, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi kuwa duk sunayen da aka taɓa kiransa da su ba wanda ya kai wannan yi masa daɗi. Tun kafin mai kira ya rufe baki yake amsawa, da ƙarfi, don ta ji.

"Yana nan! Ga shi nan fitowa!"