Ayar Da Na Karanta Wa Yayana A Zaman Makoki

A wancan lokaci ni ne mai karanta Littafi Mai Tsarki a 'yar majami'ar ƙauyenmu, a yankin Faskari. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da yake ni kaɗai ke iya haɗa baƙi a gidanmu, sai aka riƙa ce mini Malam, ni kuwa kai ya kumbura. Iyayenmu Maguzawa ne. Na riga kowa zama Kirista, yayana kuwa sai da na sha zarya kafin ya yarda ya biyo ni. Shekarar da ya daina yankan da yake yi wa gona kafin shuka, tsofaffi suka ce masa zai gani. Ni na dafa kafaɗarsa na ce babu abin da zai same shi.

Damina ba ta ƙare ba 'yan bindiga suka faɗo gonarsa da hantsi, suka kora shanun huɗarsa. Babban ɗansa ya bi su yana roƙo, suka harbe shi a cikin dawa. Kowa ya san yadda ake zaman makoki a wurinmu: ka tuɓe takalmi, ka zauna kan tabarma, ka ce ya haƙuri, ka kama bakinka. Maƙwabtanmu Musulmi haka suka yi, tsofaffin ma haka. Ni kuwa tsorona kada a ce maganar tsofaffi ta tabbata, wato kunyar kaina nake gudu. Sai na miƙe tsaye a tsakiyar mutane, na buɗe wasiƙar Yakubu, na karanta wurin da ke cewa mu ɗauki gwaji abin farin ciki, domin gwajin bangaskiya yana haifar da jimiri. Na ƙara da nawa, na ce mai yawan kuka bangaskiyarsa ce ba ta nuna ba. Yayana ya ɗago jajayen idanunsa ya ce, "Na ji, Malam. Shiga ciki ka gaya wa uwar yaron ta yi guɗa."

Daga ranar bai sake taka majami'a ba. Maimakon in je in ba shi haƙuri, sai na riƙa gaya wa mutane cewa bangaskiyarsa shuka ce da ta faɗi a kan dutse.

Da wata daminar ta zagayo, naƙuda ta zo wa matata da gardama. Hanyar Ƙanƙara ba ta biyuwa saboda maharan, babu mai babur da ya yarda ya ɗauke mu. Ta rasu da cikin a jikinta. Na buɗe ayar nan na kasa karanta ko layi ɗaya. Yayana ya zo ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa da ni kan tabarma. Da ya ga ciyawa na neman cinye mini gero, ya ɗauki fartanyarsa ya nome gonar tas. A nan na gane ayar ba ta ce mutuwa daɗi gare ta ba. Magani ce mai ɗaci da mutum ke sha da kansa in maƙogwaronsa ya buɗe, ba a ɗura wa wanda ke shaƙe. Gwajin ranar nan ma ba nasa kaɗai ba ne, har da ni aka gwada, ni ne kuma na faɗi.

Na yi niyyar neman gafararsa bayan girbi, girman kai ya sa na yi ta ɗagawa. Kafin nan ya kwashe iyalinsa ya koma wurin surukansa a yankin Sabuwa. Can ciwo ya kama shi, saƙo bai iso ni ba sai bayan an binne shi. Har yau ban san abin da ya mutu da shi a zuciyarsa ba, kuma na san da hannuna a ciki.

'Yan'uwa masu riƙe da Littafi, in kun je gidan rasuwa ku zauna ƙasa kamar kowa. In akwai gona, ku nome. In kuwa kun ɓata wa wani, kada ku jira girbi.