Jar Wutar Batir a Motar Dada

Dada, wato mahaifiyarmu, nas ce, kuma da kanta take tuƙi zuwa aiki a wata tsohuwar mota. Muna unguwar Majidaɗi a lokacin. Aibin motar ɗaya ne: yau jar wutar batir ta kama a gaban sitiyari, gobe ta ɗauke. In ta daɗe a kunne, da safe sai ƙas-ƙas, mota ta ƙi tashi. A layinmu babu wanda bai taɓa tura ta ba, har limamin unguwa.

Mai yi mana gyaran wuta wani dattijo ne ɗan ƙabilar Mumuye a unguwar Nukkai. Duk ranar da muka kai masa, sai motar ta nutsu. Ya ɗora mita a batir, ya taɓa bel ɗin injin, ya girgiza kai.

"Mama, motar nan yana caji. Ban ga komai ba."

"Haka yara ke yi mana a asibiti," in ji Dada. "A gida zazzaɓi, a gaban likita wasa."

Ya canza buroshin altaneta, wato abin da ke cika batir in mota na tafiya. Ba a jima ba wutar ta dawo. Abin ya dame shi har ya zo gida da kansa. Dada ta dama masa fura, ta ce ya bar ba da haƙuri, su yi wa motar tambayar da ake yi wa majinyaci. Da zafi take yi ko da sanyi? A kwalta ko a gargada? Nan ta tuna wutar ba ta farawa sai ta sauko layinmu mai ramuka.

Muka fita, ita a sitiyari, shi a gefenta, ni a baya. Dada da ke kauce wa rami kamar ta ɗauko ƙwai, ranar nemansa take. Can muka faɗa wani, wutar ta kama.

"Tsaya, Mama! Kar ki kashe shi!"

Ya buɗe bonet yana motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, Dada ta zuba wa wutar ido.

"Ta ɗauke, Baba! Ga ta, ta dawo!"

Ashe wata waya ce a bayan altaneta, robarta lafiya lau, amma ta tsinke daga ciki. Nan bakin hanya ya sa sabuwa, yana dariya har da hawaye.

Muka mayar da shi Nukkai. Matarsa ta dinga loda mana doya a but ɗin motar, Dada na cewa ya isa haka, ita kuwa tana ƙarawa.