Gaisuwar Inna Zalika a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwarmu ta bayan tasha a Jibiya ya san Inna Zalika. Idan namiji ne, ya san tsawon gaisuwarta. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofarta, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

'Yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta nan. Mijinta direban babbar mota ne, yana jigilar gero da wake tsakanin can da nan. Tun tana amarya take kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata, muryarta kuwa idan ta ɗaga ta, har masu injin niƙa sai sun leƙo. Da mijin ya rasu, ya bar mata tsohon garejinsa, fili mai katanga, cike da tayoyi da baƙin mai. Da wata ce da ta sayar ta huta. Zalika ta sa aka kwashe tarkacen, aka zuba yashi, aka kafa rumfar kwano. Ta ce a nan matan unguwa za su riƙa biki, su daina tare titi da kujeru 'yan kabu-kabu suna zaginsu.

Sai dai gidan biki ba ya buɗuwa da fatar baki. Dole sai da takardar izini daga ƙaramar hukuma, takardar kuma ba ta fita sai maƙwabta sun yarda. A nan Malam Dalhatu ya kafe. Katangar gidansa ce ta haɗu da ta garejin, yana da 'ya'ya mata, kuma ni shaida ne ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji. A gaban mai unguwa ya ce:

"Ni ba kiɗin mata nike ƙi ba. Amma inda kiɗi ya zamna direbobi za su zo, kuma kowa ya san abin da wasu ke ɓoyowa ƙarƙashin kujera in sun ƙetaro iyaka. Yau ƙwarya, gobe kwalba."

Na zaci Zalika za ta tashi da faɗa, don tana da baki. Sai ta ce:

"Malam, ka yi gaskiya. A ba ni biki guda a gwada ni. In an kira salla kiɗi shi tsaya, kahin magariba kowa shi watse. In kuwa an ga giya cikin gidan ga, ni da hannuna zan sa ma ƙohwar kwaɗo."

A kan haka aka tashi.

Ba ta ɗauki mai gadi ba, ba ta kuma laluben aljihun kowa. Dabararta tsohuwa ce, tun lokacin da take tsaron zaure a bukukuwan mata. Duk namijin da ya zo, ɗan'uwan ango ne ko mai kawo kujeru, sai ta tare shi da fara'a.

"Ina wuni, ɗana? Ina gajiya? Ya hanya? Ya mutanen Maraɗi? 'Yan duwan masu binciken kaya a iyaka sun dai bar ku kun wuce?"

Yana amsawa tana matsowa, hannu a bayan kunne.

"Mi ka ce? Ɗaga murya, kunnen ya tsuhwa."

Kunnenta lafiyarsa lau, hanci ne ke aiki. Matar da ta yi rayuwarta cikin direbobi, ba ka ɓoye mata wari da goro ko minti. Wanda ta ji wani abu a bakinsa ba ta tona masa asiri. Sai ta rage murya ta ce, "Tahi ka huta, ka gaji, za a aiko maka da tuwo." Kuma wallahi sai ta aika. Na ga ƙattai sun juya daga ƙofar nan suna yi mata godiya.

Ranar gwajin, bikin 'yar wani mai hatsi ne ɗan garin Riko. Mai unguwa da Malam Dalhatu da wakilin ƙaramar hukuma suka zauna a bencin shagona. Komai ya tafi daidai. Ana kiran la'asar ƙwarya ta yi shiru, har Malam Dalhatu ya gyaɗa kai. Bayan salla kiɗa ya dawo, ni kuma na ɗauki ɗinkin uwar amarya na shiga kai mata, don kun san mu teloli, sai biki ya yi rabi muke gamawa.

Ina bakin ƙofa Mahmudu ya iso. Shi ne ɗan farin Zalika, direba kamar ubansa, a ranar ya sauka daga Maraɗi. Zalika kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta tsayawa gaisawa da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi, a bakin uwarsa kuwa sunansa "yaron nan". Tana hango shi ta kawar da kai, ta shiga gyaran mayafi. Ya raɓa ta ya wuce. Duk faɗin Jibiya shi kaɗai ne namijin da zai iya shiga ƙofar nan ba a gaishe shi ba.

Ni na ga tafiyarsa, tangaɗi yake yi. Ya kutsa tsakiyar mata yana rawa yana ihu, wai yau gidan ubansa ya zama gidan sarauta. Garin juyi wata 'yar kwalba ta suɓuce daga aljihunsa ta faɗi kan yashi, ko ƙara ba ta yi ba. Nan take wata mai kiɗa, Rahama, ta ja tabarma ta rufe ta, ta zauna a kai. Matan nan suna son Zalika, kuma suna son gidan bikinsu. Na waiwaya, waɗanda ke benci hira suke yi, ba su ga komai ba. Ni ma na ƙudurta ban gani ba.

Amma Zalika ta gani. Ta tako har gaban Rahama.

"Tashi."

"Inna, don Allah ki bari, ba wanda ya..."

"Tashi, na ce."

Ta ɗauki kwalbar da bakin mayafinta kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ta ce, "Kai, yaron nan." Bai juyo ba, yana ta rawarsa. Ta sake faɗa, kiɗa ya haɗiye maganar. Sai ta ɗaga muryar nan tata.

"Mahmudu!"

Hannuwa suka tsaya a kan ƙwarya. Tsofaffin mata suka rufe baki, wata ta ce subhanallahi. Shi kuwa ya daskare a tsaye, na ga mayen ya sake shi a lokacin. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Hita." Ya fita, tana biye da shi har titi.

Ta tsallako ta ajiye kwalbar a gaban benci.

"Malam, ga abin da ka ji tsoro. Ba baƙo ya kawo ta ba, ɗan cikina ne. Laihina ne, ban gaishe shi ba. A bari matan ga su ƙare bikinsu, gobe in sa kwaɗo."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni dai hawaye suka cika mini ido, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Malam Dalhatu ya dubi kwalbar. Sannan ya ce wa mai unguwa:

"Ranka shi daɗe, ni na janye. A ba ta takardarta." Ya juyo wajen Zalika. "Amma, maƙwabciya, daga yau shi ma a riƙa gaishe shi."

Takarda ta fito. Yanzu da wuya Asabar ta wuce ba biki a gidan, kuma har 'yar Malam Dalhatu a nan aka yi nata. Sai dai Mahmudu a yammacin ranar gwajin ya tayar da mota ya koma Maraɗi, ya daɗe bai leƙo ba. Zalika ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba, amma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ɗaga kai.

Da ya dawo, shagona ya fara shigowa, wai a rage masa wando. Ya zauna yana kallon ƙofar uwarsa, ya kasa tsallakawa. Na ce masa ya je mana, ai uwa ce. Sai ya ce:

"Tela, tun da aka haihe ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai ranar da ta kore ni. Ban san ta iya hwaɗinshi haka ba."