Farar Rahmatu da Kadangaren Maitama

Duk wanda yake sauka daga bas a gindin gadar Mararaba bayan la'asar ya san Rahmatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajerar matar nan mai hijabi ruwan ƙasa da take zama kusa da mai gyaran takalmi. Daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ta zo, ta biyo mijinta da yake tura kurar ruwa. Suyar fara a hannun kakarta ta koya: a cire fiffike da ƙafafu, a wanke da ruwan zafi, a shanya, a soya da albasa har ta yi ƙaras-ƙaras, sannan a barbaɗe ta da yaji mai ƙuli. Ba ta kiran mai saye. Direbobi da masu gadi da leburorin da suka wuni a cikin gari su suke nemanta, su ci a tsaye kafin su nufi gida. Abu ɗaya take tinƙaho da shi, shi ma a ranta: tunda ta kafa kasko a wurin, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce fararta ta ɓata masa ciki.

Cikin masu sayen akwai Nababa, direba a wani gida a Maitama, mutum mai baki kamar rediyo. Shi ya zo mata da zancen.

"Yaya Rahmatu, kina da mai rai?"

"Me mai rai?"

"Fara mana. 'Yar oga ce ta dawo daga karatu da kadangare."

"Kadangare kuma? Babu a katangar gidan ne?"

"Wannan ba irin namu ba ne. Gemu gare shi, ya fi nawa cika. Kuma ba ya cin matacciya, sai tana tsalle."

Rahmatu ta yi salati, ta juya cokalinta. Amma ta karɓa. Farar da take soyawa busasshiya ake kawo mata a buhu daga arewa, don haka mai rai sai ta aika wa Jacob, wani manomi a Yangoji da ya taɓa aikin gini tare da mijinta. Da sassafe yake kama su, lokacin da raɓa ta yi musu nauyi, ya zuba a kwando ya rufe da tsohon gidan sauro, ya ba direban bas. Ta ja masa kunne har ya gaji: ban da gonar da aka yi wa feshi, sai saurar da ba a noma ba.

Sau ɗaya ta taɓa ganin dabbar. Lubna, 'yar gidan, ta kai ta har ɗaki, ga esi yana busawa har haƙoran Rahmatu suna haɗuwa. Yana cikin akwatin gilashi, an shimfiɗa masa yashi, ga guntun icce, ga fitila a bisa kansa. Faffaɗa ne, jikinsa duk ƙaya, kuma ba ya gyaɗa kai a banza kamar namu. Da aka sakar masa fara, ya dube ta da ido ɗaya, ya miƙa harshe, ta ɓace. Rahmatu ta ce, "Ikon Allah," ta nemi takalminta.

Haka aka yi ta tafiya har sanyi ya shigo. Ranar nan Nababa ya dawo mata da kwando yadda ta ba shi. "Bai ci ba." Na gaba ma haka. Ya ce kadangare ya shige ƙarƙashin icce ya rufe ido, ba ci, ba motsi, ko ganyen da ake yanka masa ba ya kallo. Lubna tana ta kuka, Hajiyar gidan kuwa ta ce ai da ma ta faɗa, farar gona ba ta rasa maganin feshi.

Da a Maitama maganar ta tsaya, da da sauƙi. Amma Nababa a gindin gada ya faɗe ta, bakinsa cike da farar Rahmatu.

"Ku ci a hankali, jama'a. Wannan ce ta kwantar da kadangaren oga."

Aka yi dariya. Washegari mai gadin da yake sayen ƙulli biyu kullum ya wuce wurin mai gyaɗa, yana kallon ƙasa. Rahmatu ta yi bayani: waccan daban, wannan daban, waccan daga Yangoji, wannan daga arewa, ko kwando ba su taɓa haɗawa ba. Ba mai tsayawa jin dogon zance da yamma, kowa ya gaji. Ta cika hannu ta ci a gabansu. Wani kwandasta ya ce, "Ai ke kin saba, Hajiya." Ta fara komawa gida da rabin tire, tana rufe shi da leda don kada maƙwabta su gani. Ta kira Jacob a waya, ya rantse bai taɓa kamo mata daga gonar feshi ba, ta kashe tana jin kunyarsa.

Da abin ya ishe ta, ta hau bas da kanta har Maitama. Mai gadi ya bar ta a rana a bakin get, sai can Lubna ta fito da waya a hannu.

"Ayya Baba, sori wallahi! Ai tuni dokta ya zo. Ba ciwo ba ne. Haka jinsinsu yake, in sanyi ya shigo sai su daina ci su kwanta, wata ɗaya, wata biyu, ruwa kawai ake ajiye musu. Ya ɗora shi a sikeli, ko ramewa bai yi ba."

"Barci ke nan yake yi?"

"Barci fa, Baba."

"Yaushe doktan ya zo, 'yar nan?"

"An kwana biyu."

"Nababa ya sani?"

"Ai shi ya ɗauko shi."

Rahmatu ta dubi furannin da ake ba ruwa a bakin katanga. Sannan ta ce ba abin da take roƙo illa guda: inda Nababa ya ɓata ta, ya je ya wanke ta, a gaban mutanen da ya faɗa wa. Lubna ta kira shi nan take ta yi masa faɗa da Turanci, yana ta "Yes, madam."

Ya kuwa cika umarni. Da yamma ya hau bencin mai gyaran takalmi, ya tafa hannu.

"Jama'a, an aiko ni in gyara magana. Farar Yaya Rahmatu ba ta kisa, likita ya tabbatar. Barci kawai take sa wa. Wata biyu cur!"

Wurin ya kece da dariya, har fasinjan cikin bas suna leƙowa. Wani direba ya ce, "To mu da muke riƙe da sitiyari ai ba namu ba ce." Rahmatu ta buɗe baki ta ce sanyi ne, ba fara ba, amma hon ɗin motoci ya danne ta. Nababa ya sauko yana share hawayen dariya, ya ce, "Kin gani? Na wanke ki tas. Zuba min."

Ba ta zuba ba. Ta sauke kasko, ta kashe wuta tun magariba ba ta yi ba.

Da zafi ya fara dawowa kadangare ya farka, wai har yana kai wa gilashi cizo don yunwa. Lubna ta aiko a kawo kwando biyu. Rahmatu ta ce a gaishe ta, a ce mata ta daina.

Yanzu awara take soyawa, a wurin nan dai, kusa da mai gyaran takalmi. Ana saye, ba laifi. Sai dai in baƙo ya tambayi inda zai samu awara mai zafi, abin da ake ce masa shi ne, "Je ka wurin mai farar barci." Tana ji. Takan ja hijabinta, ta tambaye shi ko a sa masa yaji.