Muzurun da Ya Ci Sunan Babana

Kakata ba ta fara tatsuniya sai garwashi ya kama. A gidanmu na Zongo, nan Kwatano, da an idar da magariba sai ta jawo murhun gawayi bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗora ruwan citta, mu jikoki mu zube kan tabarma muna fama da sauro. Mace ce mai faɗa, Allah Ya jiƙanta. Ka kuskura ka yi gyangyaɗi a tsakiyar labari, mafici za ka ji a ƙeya. Tana da tata hanyar buɗewa, takan ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai shimfiɗa mata?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, Kaka."

Yawancin tatsuniyoyin nan sun cakuɗe mini yanzu, kan wannan ya hau gangar jikin waccan. Guda ɗaya ce ta zauna daram, wadda ta yi mana ran da muzuruna ke ƙulle cikin buhu.

Sunan babana Isiyaku, dillalin shanu ne. Yau ina rubuta sunan hankali kwance, amma a gidanmu ba mai faɗarsa. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka kunya ta hana ta, sai dai ta ce "mai shanun nan". Mahaifiyata Malam take ce masa. Ƙanensa, Baffa Sule, Yaya yake cewa, mu kuwa Baba. A bakin ƙofa kawai sunan yake rayuwa, in abokan kasuwarsa sun tsaya sun ɗaga murya, "Salamu alaikum, Isiyaku na ciki?" Ni ce mai rugawa in ce yana zuwa.

Shekarun juyin juya hali ne, lokacin da gwamnati ta sa ake kiran kowa kamarad, har limamin unguwa in ya je ofis. Babana kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Ya miƙe a wani taron unguwa ya faɗi abin da kowa ke faɗa a ɗaka. Bayan kwana uku mota ta ɗauke shi daga kara, a gaban mutane, da sandarsa a hannu. Ba takarda, ba wanda ya ce ga inda aka kai shi. Daga ranar sallama ta ɗauke a ƙofarmu. Mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya da shi, in sun hango mahaifiyata sai su tsallaka titi.

Shekarata tara. Ban san me ake nufi da maƙiyin juyin juya hali ba, abin da na sani shi ne wata huɗu ban ji an ce Isiyaku ba, kuma abin yana cina.

Ɗan muzurun a kwata na tsince shi bayan wani ruwan sama, ja, da yagaggen kunne, duk ƙashi. Na ɓoye shi bayan randa ina ba shi guntun kifi. Wata rana ina shafa shi, ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Na waiga, ba kowa. Na sake faɗa a hankali. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Kullum sai na kira shi a ɓoye, har ya gane, in na faɗa ya ɗago kai. Ran da asirina ya tonu, ya fita titi ne ga mota tafe, na manta kaina na kwarara masa kira daga bakin ƙofa. Mahaifiyata ta fito da gudu ba ɗankwali, tana zaton mijinta ne ya dawo. Da ta ga abin da nake runguma, marin da ta yi mini har yau ina jin zafinsa, amma kukan ita ta yi shi.

Maƙwabta dai sun riga sun ji. A shekarun nan ana farautar mayu, an ce maita ma maƙiyiyar juyin juya hali ce. Tsofaffin mata ake kamawa a tsayar da su a rana har sai sun amsa laifi. A wurin yawancin maƙwabtanmu kuwa, kyanwa da mujiya dabbobin mayu ne. Kafin mako ya zagayo magana ta cika bakin famfo: tsohuwar gidan nan ɗanta ya ɓace, ga kuma jan muzuru a ɗakinta yana amsa sunansa. Wai ba mota ce ta ɗauke shi ba, ita ta juya shi. Maganar ta kai kunnen delege, wakilin da aka naɗa wa unguwa, mai yawo da littafi a hammata.

A ranar Baffa Sule ya dawo daga kasuwar Dantokpa tun kafin magariba, ko ruwa bai sha ba. Ya cafke muzurun ya jefa a buhun gero, ya ɗaure bakin da igiya.

"Da an yi isha zan haye gada da shi," in ji shi. "In sake shi can unguwar Avotrou, inda ba zai gane hanya ba."

Na faɗi ina birgima a yashi. Ba wanda ya kula ni. Ya tafi masallaci ya dawo, ya zauna kan turmi da buhun a tsakanin ƙafafunsa, yana jiran kiran salla. Buhun yana motsi, can ciki ana wani siririn kuka.

Kaka kuwa ta jawo murhunta. Ta hura gawayinta, ta ɗora ruwan citta kamar kullum. Ni na tabbata bayan Baffa take, don tun ran da ta ji abin da na yi ba ta ƙara dubana ba. Sai kawai muka ji ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai shimfiɗa mata?"

Ba wanda ya amsa. Ta ɗaga mafici. Muka ce, "Ta shigo, Kaka."

Ta ce wai an yi wasu 'yan'uwa biyu a wani gari na bakin kogi. Wan ya tafi fatauci, shekara ta zagayo ba labari. Kewa ta dami ƙanen, sai ya sayi ɗan rago ya sa masa sunan wansa, yana kira yana jin sanyi. Mutanen gari suka sa shi gaba da tsegumi, wasu dariya, wasu su ce haukacewa ya yi, wasu su ce akwai abin da yake ɓoyewa. Da abin ya ishe shi, ya ja ragon ya kai tsakiyar daji ya saki, ya dawo gida yana cewa ya huta.

"Yana zama," in ji Kaka, "sai matarsa ta ce, wai ni yaya ma sunan wanka? Ya buɗe baki. Wayam. Ya tambayi maƙwabta, ya tambayi wanzamin da ya yi askin suna, kowa ya sosa ƙeya. Ashe sunan ya bi ragon daji."

Ta tsaya ta gyara garwashi, ba gaggawa. Ni kuwa kunnena ɗaya na wurinta, ɗaya na masallaci, ina roƙon Allah Ya sa ladan ya makara. Baffa ya sunkuyar da kai yana murza igiyar buhun.

Ta ci gaba, wai bayan shekara bakwai, da almuru, wani mutum ya tsaya a ƙofar gidan, ya rame, ƙafa duk faso. Ya yi sallama. Aka fito aka zuba masa ido. Fuskar kamar an santa, amma ba mai abin da zai kira shi da shi. Shi kuma ya tsaya yana jira wani ya ambace shi, ya ce masa shigo. Suka kawo masa ruwa a ƙwarya kamar yadda ake ba kowane baƙo. Ya sha, ya yi godiya, ya saɓa ƙunshinsa ya juya.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, ya dawo?"

"Wa zai kira shi ya dawo?" Ta karkaɗe zaninta. "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Sai ta juyo kaina, karo na farko cikin kwana takwas. "Ke kuma, fitsararriya, uban wa ya ce miki ana ba dabba sunan mutum? Sunan ubanki, a bakinki, a titi! Da ƙarfina na nan da kin kwana a tsaye." Ta numfasa. "Amma an riga an ba shi. Ba mai fita da shi daga gidan nan."

Baffa ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Inna, wannan tatsuniya ce. Delege ba tatsuniya ba ne. A rana za su tsayar da ke, Inna. An ɗauke mini Yaya, in zauna kuma ina kallo a ɗauke ki saboda kyanwa?"

"Na sha rana a gona tun ba a haife ka ba. Kwance buhun, Sule."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Baffa ya miƙe da buhun a hannu. Ya yi taku biyu wajen ƙofa, ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba, na dai san ruwan citta ya tafasa har ya zubo kan garwashi ba wanda ya sauke. Daga baya ya durƙusa ya kwance igiyar. Muzurun ya fito a guje, bai nufo ni ba, ƙarƙashin gadon Kaka ya shige.

Delege ya zo bayan kwana biyu, da littafinsa da mutum biyu a bayansa. Mahaifiyata ta tura mu ɗaki, ni na leƙa ta labule. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Kamarad tsohuwa, ina ɗanki?" Kaka tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ku zan tambaya. Motarku ta ɗauke shi a kara, gaban mutum ɗari. In kun ce ba ku ba ne, rubuta a littafin nan, in aika a karanta wa mutanen kara." Ya daɗe yana duban muzurun da ke kwance a gefen ƙafarta. Bai rubuta komai ba, ya ce zai dawo. Mun yi wata da watanni muna firgita da ƙarar kowace mota, amma bai dawo ba.

Na daɗe ina zaton don ni Kaka ta yi wannan kasada. Sai wata asuba na tashi kama ruwa, na hango ta tsugune bayan randa da kan kifi a hannu. Tana kira ƙasa-ƙasa, tana jan ƙarshen sunan, "Isiyaaku. Zo ka ci." Na koma na kwanta ban bari ta gan ni ba. Daga ranar na riƙa farkawa da gangan, kuma kullum sai na ji.

Sai da na haifi nawa ɗan farin, sunansa ya gagari bakina, sannan na gane. Shekara arba'in kunya ta hana ta kiran ɗanta yana gabanta. Da aka ɗauke shi, tsoro ya hana kowa. Rashin kunyar yarinya ne ya ajiye mata sunan a bayan randa, inda za ta faɗe shi ba mai ji, kuma ta gwammace a tsayar da ita a rana da a haye gada da shi.

Ba ta ga dawowarsa ba. Shekara guda da rasuwarta, wata la'asar, wani ramammen mutum ya yi sallama a ƙofarmu. Mahaifiyata ta daskare da ludayi a hannu, Baffa ya kasa tashi. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, bai shigo ba. Tatsuniyar ta faɗo mini, tsoro ya kama ni, na kwarara masa kira da sunansa. Sai ga tsohon muzuru ya fito daga ɗaki yana ɗingishi, ya tsaya a ƙafata.

Bayan an yi kuka an gaji, aka ba babana labarin muzurun. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Inna ta yarda da wannan?"

Na ce, "Ita ke ba shi kan kifi, Baba. Ita ke kiransa, kullum da asuba."

"Da wane suna?"

"Da naka."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi ƙofar ɗakinta da ke rufe. Ya ce, "Tun da ta haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Yaya take faɗa?"

Na rage murya, na ja ƙarshen kamar yadda take ja. Babana ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na'am, Inna."